Gandu da Gayya: Tarihin Aikin Taro a Ƙasar Abuja

Tun zamanin kakanni Bahaushe ya san hanya biyu ta haɗa hannu a kan aiki, bai kuwa taɓa rikita ɗaya da ɗaya ba. Ta farko ita ce gandu, watau uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa bayan rasuwar uba, suna noman gona guda, suna zuba amfani a rumbu guda, shekara bi shekara, har ranar da mutuwa ko saɓani ya raba su. Mai gandu ne ke ɗauke da haraji da cimaka da auren samari, kowane ɗa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake taɓawa da maraice. Ta biyu ita ce gayya, wadda ba ta da rumbu, ba ta da gado, ba ta kuma da wani shugaba da zai kwana da sarautarta, domin ana kiranta ne saboda aiki guda wanda ya fi ƙarfin gida ɗaya, in an gama shi kowa ya saɓa garmarsa ya koma gandun ubansa.

Ga yadda take gudana a ƙauyukanmu. Idan ciyawa ta ci ƙarfin mutum a tsakiyar damina, ko huɗa ta zo masa ba shi da hannuwa, ko kuma saurayi yana neman aure yana so ya nuna wa surukinsa cewa shi mai jama'a ne, sai a kai goro wurin sarkin noma ko sarkin samari, a faɗi gonar, a faɗi aikin, a yanka rana. Ran nan tun da sassafe samari daga gidaje dabam dabam, waɗanda wataƙila iyayensu ba sa ga maciji da juna a kan iyakar gona, za su jeru a bakin kunya, kowa da tasa, masu gangar noma na biye da su suna kiran sunan duk wanda ya yi fice, 'yan mata na kai da kawo da ƙoren fura da tulunan ruwa, mai gona kuwa yana tsaye a gefe yana nuna inda iyakarsa ta tsaya da inda ya shuka gyaɗa a tsakanin dawa, don kada zafin kiɗa ya sa a tone masa ita. Da azahar a sauke tuwo, kafin la'asar sakaliya an watse. Babu wanda zai dawo da kaka ya ce yana da dami a gonar nan saboda ya yi gumi a cikinta. Abin da yake da shi kurum shi ne bashin rana, wadda za a biya shi sa'ad da tasa gayyar ta tashi. Haka ake yi wajen ɗaukar jinka, da yaɓen ɗaki, da yashe rijiya, da gyaran hanyar kasuwa bayan ruwa ya cinye ta.

Ba a rubuta wa gayya doka ba, amma wanda ya lura zai ga sharuɗɗanta tsayayyu ne kamar na kowace mu'amala da malaman fiƙihu suka yi wa babi: aikin sananne ne, wa'adinsa sananne ne, shiga da yardar rai ce, mai gona yana halarce, mulkin gona kuma bai motsa daga hannunsa ba. Malamanmu ba su ga baƙon abu a ciki ba, gama sun karanta a littattafan sira yadda aka haƙa ramin Handaƙu a shekara ta 5 bayan Hijira bisa shawarar Salmanul Farisi, aka rarraba wa Sahabbai goma goma, kowace ƙungiya da rabonta na ƙasa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗaukar ƙasa tare da su. Sun kuma karanta abin da Sayyidina Umar ya yi a shekara ta 23, sa'ad da aka soke shi ya tabbatar ajali ya gabato, ya ware mutum shida, Usmanu da Aliyu da Ɗalha da Zubairu da Abdurrahmanu ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ya ɗora musu al'amari guda, su fitar da halifa daga cikinsu, ya kuma yanka musu kwana uku. A ganina hikimar Umar ta fi bayyana a kwana ukun nan fiye da zaɓen mutanen, domin ya san majalisar da aka ba babban iko ba a ce mata ga ranar tashi ba, ita kanta za ta zama sarauta.

Sarakuna ma sun ci moriyar wannan al'ada, ko da yake a hannunsu ta fara canza kama. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya soma, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, ba magina na albashi suka ɗaga ta ba. Rarraba ta aka yi wa unguwanni da garuruwa, kowa da tsawon da zai gina da wanda zai riƙa gyarawa in damina ta wuce. Da irin wannan taron hannu birane masu ganuwa suka tashi a ƙasar Hausa duka, har da wanda ya ba babban birninmu na yau sunansa. Sa'ad da mutanen jihadi suka fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ya yi kudu da jama'arsa zuwa Zuba, cikin ƙasar Koro da Gwari, ya yi ta yaƙe-yaƙe har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya kafa gari a 1828 kusa da kogin Iku, ba nisa da dutsen Zuma, ya kewaye shi da ganuwa, garin ya ɗauki sunansa, bai kuwa faɗa hannun masu tutar Sakkwato ba har zuwan Turawa. Amma aikin da sarki ya kira, ko da an buga masa ganga an dafa masa tuwo, akwai dogari a bayansa, wanda ya ƙi fita kuma ya san abin da zai same shi. Da Nasara suka zo sai suka tarar da hanya a share: da hannun hakimai da dagatai aka ɗebi talakawa aikin hanyar jirgi daga Baro zuwa Kano, wadda ta isa Kano a 1911, da hannunsu kuma aka yi ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin Hitila, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe mutane da yawa. Wannan ba gayya ba ce ko da an laƙaba mata sunan, tilas ce tsagwaronta. Sa'an nan kuɗi ya shigo gona, gyaɗa da auduga suka zama hajja, mai hali ya ga ƙwadago ya fi masa sauƙi da dafa wa mutum arba'in tuwo, har masu binciken zaman ƙauye, irin su Polly Hill da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, suka tarar gayyar noma ta ja baya ƙwarai.

Gayya ta ragu a gona, amma siffarta ta sake fitowa a ofis da sunan kwamiti, kuma babu garin da ya fi Abuja cancantar a ba da tarihin kwamiti a cikinsa, tun da shi kansa ɗan kwamiti ne. Janar Murtala Muhammad ya hau mulki a ƙarshen Yuli 1975, cikin watan Agusta kuwa ya naɗa mutum bakwai da magatakardansu su duba ko Ikko za ta iya ci gaba da zama hedkwatar tarayya da ta jiha a lokaci guda, in ba za ta iya ba su nuna inda za a koma, su kuma kawo rahoto kafin shekara ta fita. Dubi yadda aka tsinto su, kowa daga gandunsa: Mai shari'a Akinola Aguda, wanda ya taɓa zama alƙalin alƙalan Botswana, shi ne shugaba, ga Tai Solarin mai makarantar Mayflower ta Ikenne, ga Kanar Pedro Martins, limamin Kirista na soja, ga Farfesa O. K. Ogan, likita, ga Dokta Ajato Gandonu, masanin labarin ƙasa, ga Alhaji Muhammadu Musa Isma da Cif Owen Fiebai. Ba ma'aikatar da ta mallake su, ba kuma wanda a cikinsu ke sa ran zama gwamnan birnin da za a gina. Suka zagaya jihohi suna sauraron jama'a, suka leƙa ƙasashen da suka taɓa sauya babban birni, suka auna wurare da ma'aunin tsakiyar ƙasa da ruwa da lafiya da yalwar fili da tsaro, cikin watan Disamba suka miƙa rahoto, suka watse. Ran 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya yi wa ƙasa shelar sabon babban birni, aka kafa Doka ta 6 wadda ta yanke fili mai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,000 ta kuma kafa hukumar raya birnin, FCDA; bayan kwana goma aka kashe shi. Tsohon garin Abu Ja ya sallama sunansa da yawancin ƙasar da aka yanka, ya koma Suleja, da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Da kwamitin nan ya yi irin jan ƙafar da muka saba gani, ya nemi ƙarin wata uku, Allah kaɗai ya san ko da an yi ƙaurar gwamnati zuwa Abuja ta 12 ga Disamba 1991.

Wannan ita ce falalarsa, kuma ina ganin ba a yaba masa a kanta yadda ya kamata. Amma akwai sharaɗi guda na gayya da aka tsallake, har yau kuwa ana biyan diyyarsa: an shiga gona mai ita ba ya nan. An ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta wata babbar ƙabila ba ce, mai ƙarancin mutane, alhali Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana suna zaune a cikinta da gonakinsu da kushewun kakanninsu, babu kuwa ɗayansu a teburin shawara. Niyyar farko ita ce a kwashe su duka a sake musu matsuguni a wajen yankin; da masana suka shiga suka ƙidaya, aka ga yawansu da kuɗin diyyarsu sun wuce abin da aka zata, sai gwamnati ta sauya magana a 1978, aka ce sai wanda aikin gini ya taɓa za a tayar. Aka kai mutanen Wuse can Sabon Wuse a jihar Neja, aka bar tsohon ƙauyen Garki birni ya kewaye shi, sauran kuma suna nan tsakanin tashi da zama shekara bayan shekara. Mutanen Aguda sun yi abin da aka sa su. Laifin yana ga tsarin da bai tanadi kujerar mai gona ba, sa'an nan ya bar wa hukumar dindindin wani ƙulli da ba ita ta ƙulla ba.

Abin mamaki, waɗanda suka zauna suka rubuta waɗannan sharuɗɗa dalla-dalla a zamaninmu mutane ne da ba su taɓa jin gangar noma ba, watau masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja. Manhaja ita ce rubutaccen umarnin da kwamfuta ko waya ke bi. Buɗaɗɗiya kuwa ita ce wadda aka bar asalin rubutunta a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya ƙara, ya raba wa wani, bisa lasisin da ya yi kama da waƙafi ta fuskar cewa an tsare asali an sake amfani ga jama'a. Richard Stallman ya fara kiran mutane zuwa ga wannan a 1983, Linus Torvalds ya fito da Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, yau kuwa mafi yawan na'urorin da ke ɗauke da intanet da wayoyin Android da ke aljihunmu a kan wannan aiki suke tsaye. To, jama'ar da ke warwatse a duniya, wasu ma'aikatan kamfanonin da ke gaba da juna a kasuwa, wasu 'yan sa kai, babu mai biyan kowa albashi balle ya ba shi umarni, yaya za su yanke shawara? Ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin da na'urori ke magana da juna a intanet, wadda ta fara zama a Janairu 1986 da mutum 21 a San Diego ta Amurka, ta ba da amsa tun da wuri. Ba ta da rajistar 'yan ƙungiya, duk wanda ya zo ya sa hannu ɗan ciki ne; ba a kafa rukunin aiki sai an rubuta masa takardar da ta faɗi matsalar da zai warware da abin da ba ruwansa da shi da lokutan da zai kawo kowane kashi; ba a ƙidaya ƙuri'a, ana neman rinjayen fahimta ne wanda ya saurari hujjar mai saɓani ya amsa ta, har a zaurensu akan ce masu goyon baya su yi amo da baki rufe, shugaba ya saurari ƙarfin amon, don kada a ga hannun wane a bi shi saboda girmansa. In aikin ya ƙare a rufe rukunin.

Jama'ar Kubernetes, manhajar da Google ya saki a 2014 wadda ke sarrafa dubban na'urori kamar guda, su suka fi fayyace bambancin gandu da gayya. Suna da rukunoni na dindindin, kowanne da yankinsa, wannan na hanyoyin sadarwa, wancan na ma'ajiya, wancan na fitar da sabon zubi, kuma kowane layi na rubutun manhajar yana da rukunin da ya mallake shi yake amsa tambaya a kansa. Idan matsala ta taso wadda ta ratsa yankuna da yawa, sai a kira ƙungiyar wucin gadi, da sharaɗin ta ambaci rukunonin da abin ya shafa su kuma yarda, ta faɗi abin da in ta kawo shi an gama, ta riƙa ba majalisar gudanarwa rahoto kowace shekara, kuma, wannan shi ne jigon, ba ta mallakar rubutu ko layi ɗaya. Duk abin da ta haifa sai ta damƙa wa rukunin dindindin ya raina. Misali, da masu amfani suka yi kukan cewa wata tara da ake ba kowane zubi na gyara da kulawa ya yi musu kaɗan, aka kira ƙungiya a kan haka, ta bincika ta tambayi jama'a, aka mayar da wa'adin shekara guda daga zubi na 1.19 a Agusta 2020, rukunin fitar da zubi ya karɓi nauyin, ƙungiyar ta rufe. Da bukata ta sake tasowa a 2023 aka sake kiran wata, ba a ce tsohuwar ta yi ta zama tana jira ba.

Waɗannan koguna biyu, gayyar mutane da buɗaɗɗiyar manhaja, a Abuja suka haɗu, a kan sha'anin lafiya. A 2012 duniya duka an sami yara 223 da cutar shan inna ta kama, 122 daga cikinsu a Nijeriya, galibi a jihohinmu na Arewa, abin da ya isa ya hana duk mai kishi barci. Hukumomin da ke yaƙi da cutar suna da yawa, ga hukumar lafiya matakin farko ta tarayya, ga Hukumar Lafiya ta Duniya, ga UNICEF, ga Rotary, ga cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ga gidauniyar Gates, amma kowacce tana noman gandunta, da ofishinta da lissafinta da motocinta. A ƙarshen shekarar aka buɗe cibiyar ɗaukin gaggawa a Abuja, aka ce kowace hukuma ta aiko da mutanenta su zauna ɗaki guda ƙarƙashin jagoran da gwamnati ta naɗa, a duba allo guda, a rarrabu ƙananan ƙungiyoyi bisa aiki, na alƙaluma, na kai kaya, na wayar da kai, ba bisa tambarin da ke rigar mutum ba. Aka buɗe irinta a Kano da Katsina da Kaduna da Sakkwato da Barno. A wannan karo an tuna da mai gona, gama tun 2009 Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya shigo da sarakuna cikin aikin, bayan darasin ƙauracewar da aka yi wa rigakafi a Kano a 2003. Aka zana taswirar ƙauyuka da rugage daga hoton tauraron ɗan Adam, aka ba masu ɗigon rigakafi wayoyi da ke nuna unguwar da suka taka da wadda suka tsallake, masu sa ido kuma suna cike bayanai da ODK, wata buɗaɗɗiyar manhaja da aka fara a Jami'ar Washington. An ga na ƙarshen masu kamuwa da ƙwayar shan inna ta daji a Barno a 2016, ran 25 ga Agusta 2020 aka ba Afirka shaidar rabuwa da ita.

Ana cikin haka Ebola ta sauka a Ikko ran 20 ga Yuli 2014 a jikin wani matafiyi daga Laberiya. Daga cibiyar shan inna ta Abuja aka ɗauki Dokta Faisal Shu'aib da ƙwararrun ma'aikata aka tura, suka kafa irin wancan zama, suka bi sawun mutum kusan 900 gida gida. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dokta Stella Adadevoh wadda ta hana majinyacin farko fita daga asibiti, ran 20 ga Oktoba aka ce ƙasa ta tsarkaka. Cibiyar Ebola ta yi wata uku ta tashi, kamar yadda ya dace da ita. Sai dai waɗanda suka yi aikin sun fito da wani ƙorafi, cewa labarin wanda ya kamu da wanda ya taɓa shi yana tafiya a hankali fiye da cutar, daga takarda zuwa waya zuwa ofis. Saboda haka likitocin shirin horar da masu bin diddigin annoba na Nijeriya suka haɗu da masanan cibiyar Helmholtz ta Braunschweig a Jamus da waɗansu cibiyoyi, suka tsara manhajar da aka kira SORMAS, aka gwada ta a jihohin Kano da Oyo a 2015. Gwajin farko a kan kayan wani kamfani aka gina shi. A 2016 aka sake rubuta ta a buɗe, don kada ƙasar da ta dogara da ita ta wayi gari mabuɗin yana hannun wani.

A nan ne tambayar da ke kashe yawancin ayyukan taro ta taso, wato wa zai karɓa in baƙi sun tafi. Mun sha ganin rijiyar burtsatse da aka haƙa da biki ta mutu saboda ba a ce ga mai ita ba. SORMAS ta yi sa'a ta sami gandu: cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a ƙarƙashin Dokta Chikwe Ihekweazu, ta ɗauke ta ta yi aiki da ita lokacin ƙyandar biri a 2017, sa'an nan sanƙarau da zazzaɓin Lassa, a Nuwamba 2018 kuma aka sa hannu a dokar da ta ba cibiyar tsayuwa da ƙafafunta. Da korona ta shigo ran 27 ga Fabrairu 2020, kwamitin shugaban ƙasa da Boss Mustapha ya jagoranta, wanda shi ma na wucin gadi ne da aka tara daga ma'aikatu da yawa, ya tarar da kayan aiki a hannun mai shi, aka shimfiɗa manhajar zuwa jihohi 36 da Abuja. Ghana ta riga ta ɗauka, a 2020 kuma ofisoshin lafiya na gundumomin Jamus, waɗanda da yawansu ke aika rahoto ta na'urar fakis, suka karɓi manhajar da aka fara gwadawa a ƙananan hukumomin Kano suka bi sawun masu korona da ita.